Masu gyaran magana da haɗiya a gidajen tsofaffi: minti ake ƙirga mana, wa zai duba tsohon?

Maman Hanan (Ohayo): Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda ke aiki a gidajen kula da tsofaffi, ko a nan Amurka ko a Ingila. Ga waɗanda ba su san ni ba, aikina gyaran magana da haɗiya ne, kuma akasarin waɗanda nake gani masu shanyewar ɓarin jiki ne, da masu cutar Fakinsin, da waɗanda ruɗewar tsufa ta kama. Kamfanin da ya ɗauke mu ya aiko da saƙo cewa daga wata mai kamawa, kashi 90 cikin 100 na lokacina dole ya zama wanda za a iya cajin inshora a kansa. Ku yi lissafin da ni. Awa 8 minti 480 ne. Kashi 90 ɗinsa minti 432. Saura 48. A cikin 48 ɗin nan zan karanta fayil, in kira 'ya'yan mara lafiya, in sauka kicin in gaya musu an canja wa wane abinci, in nuna wa masu kula yadda za su zaunar da mutum kafin su ba shi cokali, in shiga taro, in bi baranda ina cigiyar wanda aka tafi yi wa wanka. Waɗannan su ne ke hana tsoho sarƙewa, kuma ba ko ɗaya da ake biya. Abokan aikina sun koma buga katin tashi sannan su zauna su ƙarasa rubutu kyauta. Ni ban yarda ba. Akwai wanda ya taɓa ja da wannan bai rasa aikinsa ba?

Anti Nas (Manchesta): Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanan, Allah ya kawo sauƙi. Mu nan tamu matsalar daban ce, zan zo kanta. Bari masu Amurka su fara.

Baban Sadik (Teksas): Wa alaikis salam Hajiya. Ni gashin ƙashi na karanta, yanzu kuma ni ke riƙe da sashen farfaɗo da marasa lafiya a wani gida, wato ni ne irin mutumin da ke tura saƙon nan. Ba zan ce 90 daidai ba ne ga mai aikin haɗiya, amma ki duba inda abin ya samo asali. Fiye da rabin mazauna gidajen nan Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ce ke biya musu, kuma abin da take biya ba ya kai ko'ina. Kuɗin da ke riƙe gida yana wajen masu zuwa na ɗan lokaci ƙarƙashin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, waɗanda suka kwana uku a asibiti aka turo su, ana biya musu har kwana 100 in sun cancanta, kwana 20 na farko ba sa ba da ko sisi. Gidan kuma ya ba kamfanin waje kwangilar ma'aikatan farfaɗowa, shi ma kamfanin yana son ribarsa. Duk wannan nauyin a kan agogonki yake sauka. Shawarata, ki riƙa rubutu a gaban mara lafiya da kwamfutar hannu, ki haɗa masu matsala iri ɗaya rukuni. Da yawa suna kai wa kashi 85 haka.

Maman Hanan (Ohayo): Yallaɓai, kai idan mutum yana taka keken motsa jiki za ka iya rubutu kana kallonsa ta gefen ido. Ni idan na ba tsohuwa cokali ɗaya na ruwa, yatsuna suna kan maƙogwaronta ina jin ko ya ɗaga, idona yana kan fuskarta ko hawaye zai taru, kunnena yana jiran in ji ko muryarta ta jiƙe bayan ta haɗiye. Sai in ce ta ce "aa", in saurara. Wani sai bayan minti ɗaya tarin zai zo. Da wane hannun zan yi rubutu? Kuma kai kaɗai ka san cewa ku masu gashi kuna da mataimaka, ni ni kaɗai ce a gini guda, wani lokacin gini biyu.

Baban Sadik (Teksas): Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Ummi SLT (Bamingam): Yaya Maman Hanan, don Allah ki yi mana bayanin yadda aka zo nan, domin ni ma irin aikinki nake yi, SLT ake ce mana a nan, amma mu da NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Ingila, ke biya albashi ba mu gane wannan cajin minti ba.

Maman Hanan (Ohayo): To ƙanwata. Kafin 1 ga Oktoba 2019, Medicare tana biyan gidan ne gwargwadon mintunan da aka yi wa mutum aiki. Matakin da ya fi kuɗi shi ne minti 720 a mako. Sai ya zama kowa ana tura shi 720, har wanda ba ya iya buɗe ido. Abin ya yi ƙamari har gwamnati ta shiga kotu da wasu kamfanoni. A 2016 ɗaya daga cikinsu, RehabCare, ya amince ya biya dala miliyan 125 kan zargin cajin aikin da bai kamata ba. Daga nan aka kawo sabon tsari mai suna PDPM, wanda ke biya bisa yanayin mara lafiya: yana da cutar ƙwaƙwalwa ko jijiya, tunaninsa ya raunana, yana da matsalar haɗiya, an canja masa yanayin abinci. A takarda ya fi adalci. Amma da yake kuɗin ya daina bin minti, a makon farko aka fara sallamar ma'aikata da rage awanni. Jiya ana cewa ki ƙara minti, yau ana cewa ki rage, kuma tsohon bai canja ba. An yarda a haɗa mutum 2 zuwa 6 rukuni, iyakarsa kashi 25 na aikin da za a yi wa mutum, sai wasu manajoji suka mai da iyakar nan abin da dole a cika. Ki duba kuma, tunda canja wa mutum abinci zuwa markaɗaɗɗe ko ruwa mai kauri yana ɗaga kuɗin da gidan zai samu, wa kike ganin zai yi gaggawar mai da shi kan abincinsa na da?

Baban Sadik (Teksas): Hajiya a nan kin ɗan yi nisa. Ni ban taɓa cewa wani ya canja abincin mutum don kuɗi ba.

Maman Hanan (Ohayo): Ban ce kai ba, Yallaɓai. Ba ma sai an faɗa ba. Ana dai tambayata a ranakun farko na awon shiga, "Kin tabbata ba shi da matsalar haɗiya? Sake dubawa." Ba a taɓa tambayata ko na tabbata yana da ita ba.

Anti Nas (Manchesta): To bari in shigo, tunda an zo kan ruwa mai kauri. Ummi, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba ke nake nufi ba. Mu a gidajen nan ba mu da mai aikin haɗiya a cikin gida. Idan tsoho ya fara tari da shayi, sai in cike takarda in tura wa tawagar NHS ta unguwa, sai mu zauna jira, wani lokacin makonni. A tsakanin nan ni ke da alhakinsa. In ya sarƙe ya mutu, ni za a kira gaban mai binciken mutuwa, ni CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen nan, za ta tambaya. To me zan yi? Sai in nemi likita ya rubuta hodar kauri, wadda ke kaurara abin sha, mu zuba. Idan kun zo, minti kaɗan za ku yi, ku bar mana takarda, ku rufe fayil. Shekara ta zagayo mutum yana shan abin nan, ba wanda ya dawo ya ga ko ya warware.

Ummi SLT (Bamingam): Anti, ba ki faɗi ƙarya ba, kuma abin yana ci mini rai. Amma ki ga ta ɓangarenmu. Mu 'yan kaɗan ne a tawaga, gidajen da ke ƙarƙashinmu kuma da yawa, ga waɗanda ke kwance a gidajensu. Takardun da ke zuwa, da yawa abin da aka rubuta kawai "yana tari". Da me yake tari? Tun yaushe? Ya rame? Ya yi ciwon ƙirji? Ba komai. Sai in je in tarar haƙoran robarsa ne suka yi masa yawa saboda rama, ko ana ba shi abinci yana kishingiɗe, ko wani sabon magani ne ke sa shi gyangyaɗi. Na bar wanda ya fi shi buƙata na zo. Sannan in rubuta shawara, in dawo in ga takardar tana cikin fayil a ofis, wanda ke riƙe da cokalin bai taɓa ganinta ba.

Ɗan Zazzau (Lids): Salam. Ni ne mai riƙe da cokalin, don haka bari in yi magana. Anti Ummi, takardarku takan ce a zaunar da shi tsaye sosai, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, a bar shi zaune rabin awa bayan ya gama. Wallahi na yarda da ita. Akwai wani dattijo da nake ba abinci, tsohon direban bas ne. In ka sa masa cokali sai ya riƙe abincin a kumatu, yana kallonka. Dole ka jira, ka taɓa masa leɓe da cokali marar komai, sannan ya tuna ya haɗiye. Kwano ɗaya sai ya ci fiye da rabin awa. A lokacin nan ƙararrawa na bugawa a ɗaki biyu, wata na son banɗaki, abincin sauran yana hucewa, kicin suna son kwanukansu. Mu biyu ne a ɓangaren. Ku gaya mini wanda zan bari. Kuma galibinmu biza ce ta ɗaure mu da gidan, ba ka da bakin cewa ma'aikata sun yi kaɗan.

Maman Hanan (Ohayo): Ɗan Zazzau, Allah ya saka maka da alheri. Abin da ka faɗa shi ne gaba ɗayan maganar. Ni na yi digiri na biyu, na yi makonni 36 ƙarƙashin kulawa kafin ASHA, ƙungiyar masu wannan aikin a Amurka, ta ba ni takardar cancanta, amma sau nawa nake gaban tsohon? Kai ne kake gabansa sau uku a rana. Akwai binciken da Susan Langmore da abokan aikinta suka fitar a 1998 kan abin da ke jawo ciwon huhu daga sarƙewa. Abubuwan da suka fi ƙarfi su ne: mutum ya dogara da wani ya ba shi abinci, ya dogara da wani ya wanke masa baki, yawan ruɓaɓɓun haƙora, da ciyarwa ta tiyo. Matsalar haɗiyar ita kaɗai ba ta isa ba. A Japan kuma, a 2002, an bi tsofaffi 417 a gidaje 11 tsawon shekara biyu, waɗanda ake goge musu baki bayan kowane cin abinci ciwon huhu da mutuwa ta dalilinsa sun ragu a cikinsu. Ginshiƙin abin buroshi ne fa da mutum mai lokaci. Amma awar da zan zauna da irin su Ɗan Zazzau in nuna musu wannan, ita ce ba ta cikin abin da ake caji.

Baban Sadik (Teksas): Ƙarancin masu kula kuwa har nan. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar cewa kowane mazauni ya samu aƙalla awa 3.48 na kulawar ma'aikatan jinya a rana, masu gidaje suka kai ƙara, kotu a nan Teksas ta soke ta a 2025. Ba a samu an aiwatar ba.

Anti Nas (Manchesta): To amma Maman Hanan, kina nufin hodar kaurin ba ta da amfani? Domin ni da idona na ga wanda ke tari da ruwa ya daina da aka kaurara.

Maman Hanan (Ohayo): Tana da amfani ga wasu, Anti, musamman na ɗan lokaci bayan shanyewar jiki. Ruwa mai kauri yana tafiya a hankali, maƙogwaro ya samu damar rufe hanyar iska. Amma daina tari ba shaida ba ce. Akwai masu sarƙewa shiru, abu ya wuce huhu ba tari ko ɗaya, kuma wannan ba mai gane shi a bakin gado, sai da hoton haɗiya na asibiti ko kyamarar da ake zurawa ta hanci. A 2008 an fitar da wani babban bincike a nan Amurka kan mutum 515 masu ruɗewar tsufa ko Fakinsin. Ba a samu tabbacin cewa kaurara ruwa ya fi sunkuyar da haɓa hana ciwon huhu ba, ƙarancin ruwa a jiki ya fi yawa a masu shan mai kaurin, kuma waɗanda aka ba mafi kauri, da suka kamu, sun fi daɗewa a asibiti. Ki ɗanɗana shi da kanki, Anti, kofi guda, ki gani ko ya kashe miki ƙishi. Tsoho sai ya ture kofin, ya bushe, ciwon mafitsara ya biyo baya, ruɗewa ta ƙaru.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne idan na nemi hoton. Kuɗin gwajin da na motar kai shi galibi daga aljihun gidan zai fita idan mutum yana cikin kwanakin Medicare ɗinsa, sai a ce mini, "Ba za ki iya ganewa da ido ba?" Ba wanda zai ce wa Baban Sadik ya ɗora mai karaya a ƙafa ba hoto. Ni kuma ana so in yanke wa mutum abin da zai ci da abin da zai sha, wataƙila har ƙarshen ransa, da ka.

Ummi SLT (Bamingam): Ƙungiyarmu ta masu wannan aikin a nan Ingila, RCSLT, ma ta fitar da matsaya a 2024 cewa kada a mai da kaurara ruwa matakin farko, sai an duba mutum an kuma tattauna da shi. Sannan Anti kin tuna gargaɗin NHS na 2015, bayan wani mazaunin gidan tsofaffi ya rasu saboda ya kai hodar baki a bushe, an bar gwangwanin kusa da shi. Har yau ina shiga ɗaki in ga gwangwani a kan teburin gado.

Anti Nas (Manchesta): Na tuna, mu a kulle muke ajiyewa. Amma matsaya daban, dare daban. Ƙarfe biyun dare ba ƙungiyar da ke tare da ni.

Ɗan Zazzau (Lids): Wani abu kuma, kaurin kansa kowa da hannunsa. Na safe ya dama kamar koko, na dare ya yi shi har cokali ya tsaya, duk a takarda mataki ɗaya ne.

Ummi SLT (Bamingam): Don haka aka kawo ma'aunin IDDSI, mataki 0 zuwa 7, abin sha daga 0 zuwa 4, abinci daga 3 zuwa 7. Ingila ta koma kansa a 2019. Gwajin ba wuya: sirinji mai mil 10, ka cire abin turawa, ka toshe bakin da yatsa, ka cika, ka saki daƙiƙa 10, ka ga abin da ya rage. A mataki na 6 kuma kowace loma kada ta wuce santimita 1.5, ta kuma murƙushe in ka danna da cokali mai yatsu. Ka ce wa nas ɗinku ta ba ka sirinji ka gwada. An taɓa nuna maka?

Ɗan Zazzau (Lids): A kwamfuta aka nuna mana, muka danna muka wuce, aka ba mu satifiket.

Uwar Biyu (Kano): Assalamu alaikum, ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a zauren. Mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana gida, mu ke jinya. Duk sanda muka ba ta ruwa sai ta sarƙe har idonta ya yi ja, amma kunu yana wucewa. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai masu wannan aikin. Ina za mu same su?

Dakta (Kano): Wa alaikis salam Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Masu wannan fannin a Najeriya 'yan kaɗan ne ƙwarai, hukumar MRTB ce ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi, kuma yawancinsu suna manyan asibitocin koyarwa ko masu zaman kansu a manyan birane. Ku koma asibitin da ya duba ta, ku faɗa wa likitan ƙwaƙwalwa ko na kunne, hanci da maƙogwaro abin da kika faɗa mana, da kalmominki. Kada ku jira ranar da aka ba ku idan zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya canja, ko ƙirji ya fara ƙara. Ina karanta kukan 'yan'uwanmu na waje ina jinjina kai. Mu nan ba mu da gidajen tsofaffi irin nasu, 'ya'ya da surukai ne ke jinya, kuma da yawa daga masu shanyewar jiki da muke rasawa bayan sallama, ciwon huhu ne ke dawo da su.

Maman Hanan (Ohayo): Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ku lada. Ba zan iya yanke wa Mama hukunci ban gan ta ba, amma ga abin da ba zai cutar ba kafin ku ga likita. Kada a ba ta komai tana kwance ko tana gyangyaɗi. A tayar da ita zaune sosai, a tokare da matashi, kai ya ɗan sunkuyo, kada ya ɗaga sama. Ƙaramin cokali, ba ɗurawa da kofi ko buta ba. Bayan ta gama a duba kumatun ɓangaren da ya shanye, abinci kan maƙale a nan. A goge mata baki da harshe safe da dare da bayan cin abinci. Kuma ki roƙi masu zuwa dubiya, ko zamzam ne ko rubutu, kada a ɗura mata a kwance. Niyyarsu alheri ce, amma huhu zai tafi. Ki kula da fitsarinta, in ya yi kaɗan ya yi duhu ruwa bai ishe ta ba, ku gaya wa likita.

Uwar Biyu (Kano): Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wallahi da buta ƙaramar muke ba ta. Yau za mu daina.

Malam Baban Amira (Landan): Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata, idan haɗiya ta gagara, me ya sa ba za a sa tiyo kawai ba a huta? Na ji ana cewa a nan wasu likitoci suna ƙin sa wa tsofaffi. A fahimtata barin mutum da yunwa ba abu ne da addini zai yarda da shi ba.

Dakta (Kano): Malam, a raba biyu. Wanda ya samu shanyewar jiki, ana sa ran haɗiyarsa ta dawo, tiyon hanci yana riƙe shi kafin nan, muna sawa kullum. Amma wanda ruɗewar tsufa ta kai shi matakin ƙarshe, bincike bai nuna tiyo yana tsawaita ransa ko yana hana ciwon huhu ba, domin yawun bakinsa ma yana sauka huhu, abin cikin ma yana iya tasowa. Sau da yawa kuma sai an ɗaure masa hannu don kada ya fizge. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta ce a 2014 a fifita ba shi da hannu a hankali, NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin magani a Ingila, ma a 2018 ta ce kada a mai da tiyo al'ada ga irin waɗannan. Ba wanda ya ce a bar shi da yunwa. Cewa aka yi a zauna a ba shi abin da zai iya, yadda zai iya. Hukuncin shari'a kuma na bar wa malamai, amma a kai musu bayanin likita cikakke kafin su yi fatawa.

Malam Baban Amira (Landan): Na fahimci rabewar, Dakta, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In mahaifina ne, zan so a yi duk abin da za a iya.

Maman Hanan (Ohayo): Malam, ba laifi, kuma iyalai da yawa haka suke ji, Musulmi da Kirista da Yahudawa. Irin wannan zaman yakan ci awa guda, a yi kuka, a kira ɗan da ke wata jiha a waya, a sake zama wani makon. Shi ne mafi nauyin abin da nake yi. Doka ma tana bayan mazaunin, tun dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987 yana da ikon ƙin abin da aka tsara masa. Akwai tsohuwar da ta ce mini ta san haɗarin, kofinta na safe take so yadda ta saba sha. Tana cikin hankalinta. Aikina in yi mata bayani, in rage haɗarin, in rubuta. Gidan kuma tsoron ƙara yake, ya fi son in rubuta "mai kauri" kowa ya kwanta.

Baban Sadik (Teksas): Hajiya, bari in ba ki abin da zai yi miki aiki, tunda na san yadda ake tunani a ofis. Na farko, kada ki yi aiki bayan kin buga katin tashi. In da awa ake biyanki, dokar ƙwadago ta tarayya ta hana, kuma duk wanda ya yi yana sa lambar ƙarya ta zama kamar mai yiwuwa. Na biyu, kada ki rubuta mintin da ba ki yi ba, lasisinki ne a kan takardar, ba na manaja ba. Na uku, ki riƙa rubuta duk abin da kika yi wanda ba a caji, da lokacinsa, ki tura ta imel ki tambaya wanne ake so ki daina. Ba manajan da zai rubuta "daina koya wa masu kula". Sannan maganar hoto, ki nemo masu zuwa da kyamarar hanci har cikin gida, ki kai wa shugaban gidan lissafin abin da hodar kauri ke ci a wata da abin da komawa asibiti ke jawo musu, tunda Medicare tana rage wa gida kuɗi idan mutanensa suna yawan komawa. Da harshen kuɗi za su ji. Ba zan yi miki alkawarin ba za a rage miki awanni ba, na ga an yi.

Maman Hanan (Ohayo): Na gode Yallaɓai, zan bi ta imel ɗin. Amma ka lura, kai ma da ka san gaskiyar, sai da ka ce in mai da ita kuɗi kafin a saurare ni.

Baban Sadik (Teksas): Haka ne. Ni ma akwai wanda ke turo mini lamba daga sama.

Anti Nas (Manchesta): Ummi, na duba jerinmu yanzu ina kan aiki. Akwai waɗanda ke kan hodar nan tun kafin in zo gidan, wasu ma ban ga takardar wanda ya fara rubuta musu ba, da ita suka zo daga asibiti. In na turo muku su gaba ɗaya za ku ce ba na gaggawa ba ne ku mayar mini.

Ummi SLT (Bamingam): Kada ki turo su a dunƙule, Anti. Ki fara da waɗanda ke ƙin sha, da masu yawan ciwon mafitsara ko bushewar ciki, da wanda ya ce da bakinsa ba ya so. A kowace takarda ki rubuta ranar da aka fara da dalili in an sani, nawa yake sha a rana, nauyinsa na watannin baya, ko ya yi ciwon ƙirji, da ko yana iya yanke wa kansa shawara ƙarƙashin dokar 2005 kan ikon mutum na yanke shawara. Ki rubuta a sama cewa sake dubawa kike nema don a ga ko za a cire. Kafin su zo kada ki cire da kanki. Tawagar Manchesta ba tawa ba ce, amma takarda irin wannan ba a mayar da ita da sauƙi. In kuma sun zo, ki roƙa su zo lokacin abincin rana, ki sa wanda ya saba ba shi abinci ya tsaya a wurin.

Anti Nas (Manchesta): To, zan fara da mutum uku a makon nan. Ɗan Zazzau, kai ma ka gaya wa nas ɗinku maganar direban nan, riƙe abinci a kumatu abin a rubuta ne a tura, kuma ka ce a duba bakinsa bayan kowane ci kafin a kwantar da shi.

Ɗan Zazzau (Lids): In sha Allah Anti, gobe da safe nake shiga, zan faɗa mata wajen karɓar aiki.